Kaboyi: makiyayin haya a kan dokin ubangidansa

Kalmar kaboyi ta ƙofar silima ta shigo Hausa. Duk wanda ya yi ƙuruciya lokacin da gidajen silima ke tashe a Kano da Kaduna da Jos ya san kamanninsa: malafa a ka, bindiga a ƙugu, doki a guje, ƙura na tashi a baya. Har ta kai in saurayi ya cika taƙama da rashin tsoro sai a ce ai wane kaboyi ne. Abin da ba kasafai ake gani a waɗannan finafinai ba shi ne saniya, alhali sunan kansa a Turanci "yaron shanu" yake nufi. Kaboyi na haƙiƙa makiyayin haya ne. Shanun da yake bi na wani ne, dokin da yake hawa na ubangidansa ne, filin da yake kiwo a cikinsa akasari na gwamnati ne, albashinsa kuma na lebura ne. Wanda ya riƙe wannan zai ga sauran labarin ya warware masa.

Zamanin da ake magana a kansa gajere ne ƙwarai, daga 1866 zuwa wajen 1887, shekara ashirin da 'yan kai. Amma sana'ar ta girmi wannan zamani nesa ba kusa ba. Mutanen Sifaniya ne suka kai shanu da dawaki nahiyar Amurka, kuma a Meziko kiwon shanu a kan doki ya bunƙasa cikin filayen da ido ba ya ganin ƙarshensu. Makiyayan da suka ƙware a wannan, waɗanda ake kira bakero, yawancinsu talakawa ne, 'yan asalin ƙasa da ruwa-biyu. A wurinsu Turawan Teksas, wadda yanzu jiha ce a kudancin Amurka, suka koyi jifa da zarge, da sirdi mai ƙwaurin gaba inda ake ɗaure igiya, da wandon fata da ake ɗorawa kan wando saboda ƙaya. Har kalmomin aikin ma aro ne daga Sifaniyanci. Akwai ɗaya da nake son labarinta: ragamar da ake fara horar da ɗanyen doki da ita kafin a sa masa linzami, Sifaniyawa na ce mata hakima, asalinta kuwa Larabci ne, shakima, ta shiga bakinsu tun zamanin Musulmin Andalus. Kalma ce da ta ƙetare teku sau biyu kafin ta sauka a bakin makiyayin Teksas.

To me ya sa sana'ar ta bunƙasa a 1866 ba a wani lokaci ba? Amsar tana kasuwa. Lokacin yaƙin basasar Amurka, 1861 zuwa 1865, mazan Teksas sun tafi fagen fama, hanyoyin kasuwa sun toshe, shanu suka yi ta hayayyafa a daji ba mai kula da su, har suka kai miliyoyi. Shanu ne marasa tozo, dogaye, masu ƙashi, da ƙahonin da kan kai tsawon mutum daga wannan tsini zuwa wancan, kuma kusan namun daji ne. A Teksas sa ɗaya bai wuce dala 4 ba, wani lokaci ma ba mai saye. A biranen arewa da gabas kuwa, inda masana'antu ke cika da ma'aikata, wannan san zai iya kai wa dala 40. A ƙarshen 1865 aka buɗe babbar karar shanu ta Shikago, layin dogo kuma yana ta kutsawa yamma. Abin da ya rage shi ne wanda zai taka da dabbobin nan kilomita dubu da ɗari shida ko fiye, ya kai su bakin jirgi. Wannan giɓi tsakanin dala 4 da dala 40 shi ya haifi kaboyi.

Babbar korar farko bayan yaƙin, a 1866, ta nufi Sedalia a jihar Missouri, ta kuma gamu da fushin manoma. Shanun Teksas na ɗauke da kaska mai sa wani zazzaɓi da su ba ya yi musu komai, amma yana kashe shanun gida a duk inda suka ratsa. A lokacin ba a san kaska ce sila ba, sai a 1893 masu bincike biyu, Theobald Smith da Kilborne, suka tabbatar da haka. Manoma dai sun san abu guda: garken Teksas ya wuce, shanunsu sun mutu. Sai suka fito da bindigogi suka tare hanya. Wani dillali daga Illinois, Joseph McCoy, shi ya ga mafita. A 1867 ya zaɓi wani ɗan ƙauye a Kansas mai suna Abilene, can yamma inda gonaki ba su kai ba tukuna, ya gina kara a bakin layin dogo, ya aika wa masu shanu cewa su zo. A shekarar shanu 35,000 suka iso. A 1871 waɗanda aka koro Kansas sun kai kimanin 600,000. Burtalin da suka bi shi ake kira da sunan Jesse Chisholm, wani ɗan kasuwa da ke da jinin Cherokee, wata ƙabila ta 'yan asalin ƙasar, wanda amalankensa suka fara fitar da sawun hanyar. Da gonaki suka matso, kasuwar ta yi ta ƙaura yamma, Ellsworth, Wichita, har Dodge City.

Mai karatu da ya tashi kusa da ruga zai so ya ajiye hoton da ya saba a gefe. Bafulatani yana gaba, shanu na binsa, ya san kowace da sunanta da na uwarta, yana shan nononta, iyalinsa na tare da shi. A Teksas da sauran filayen yamma, ana sakin shanu ne kawai, dubbai, na mutane daban-daban, su cakuɗe su bazu, ba shinge ba turke, ba mai tatsa. Sa zai iya shekara bai ga mutum ba sai daga nesa. In ana neman kwatanci a wajenmu, kaboyi ya fi kusa da 'yan korar da fatake kan ɗauka a da su taka da shanu daga Arewa zuwa Badun da Ikko: aikin lada, dabbar wani, tafiya mai nisa.

Tunda shanu a cakuɗe suke, dole a sami ranar rarrabewa. Sau biyu a shekara ake yinta, da bazara da kuma kaka. Masu shanun yanki su haɗa ma'aikatansu, kowane gida da amalankensa da mahayansa, har gidaje na nesa su turo wakili ya duba ko dabbarsu ta ɓato nan. Tun duhun asuba mahaya ke fita, su bazu su yi babban da'ira mai faɗin kilomitoci, sannan su taho suna kakkaɓo duk abin da ke cikin kwari da duhuwa zuwa tsakiya. Kafin rana ta take, doki ya gaji, a sake wani. Da yamma sai aikin ware-ware: mahayi ya shiga tsakiyar garke a kan doki na musamman wanda ya san aikin, ya fitar da saniya da ɗanta ba tare da ya firgita saura ba. Ƙa'idar ita ce maraƙi na mai uwarsa ne. A zarge shi, a jawo shi bakin wuta, mutum biyu su kayar, na uku ya ɗora masa jan ƙarfe mai shaidar gidan, a tsaga kunne, in namiji ne a fiɗiye shi. Ƙaurin gashi, kukan maruƙa, haurin kofato a haƙarƙari, haka za a yini har makonni. Zargen kansa yana cin yatsu. Masu bin salon Meziko kan naɗa igiyar a ƙwaurin sirdi bayan sun jefa, kuma in babban yatsa ya shiga tsakanin igiya da sirdi lokacin da sa ya fizga, ya tafi ke nan. Da kaka kuma ana ware waɗanda suka isa yanka a nufi bakin jirgi da su.

Maraƙin da ya rabu da uwarsa ba a yi masa shaida ba fa? Wannan tambaya ita ce ta fi kowace haddasa rigima. Irin wannan dabba ana kiranta da sunan Samuel Maverick, wani lauya mai filaye a Teksas da aka biya shi bashi da shanu, bai damu da yi musu shaida ba. A farkon zamanin, wanda ya riga ya ɗora ƙarfensa shi ne mai ita, kuma manyan masu shanu da yawa da haka suka tara garkensu na farko. Za mu dawo kan wannan, don a nan ne aka rufe wa kaboyi ƙofa.

Doguwar kora ita ce ƙashin bayan labarin. Garke ɗaya kan kai shanu 2,500 zuwa 3,000, mutanen da ke tare da shi kuwa ba su wuce goma zuwa sha biyu ba. Akwai madugu, wanda kan yi gaba ya duba ruwa da ciyawa da wurin kwana, albashinsa wajen dala 100 a wata. Akwai kuku, galibi tsohon kaboyi da jiki ya gaza, shi ne kuma likita da wanzami da mai ajiyar amana, yana karɓar fiye da na mahaya. Akwai yaro mai kula da dawaki, sau da yawa ɗan shekara goma sha, domin kowane mahayi na buƙatar dawaki shida ko fiye da zai riƙa sauyawa. Sauran su ne mahaya, a kan dala 25 zuwa 40 a wata da abinci. Yawancinsu samari ne 'yan shekara ashirin da kaɗan.

Ba a korar shanu dunƙule. Ana barinsu su miƙe su zama dogon layi mai tsawon kilomita ɗaya ko biyu. Ƙwararru biyu a gaba, hagu da dama, suna saita kan layin. Wasu a gefe suna mayar da masu fanɗarewa. Sababbin shiga kuwa wutsiya ake tura su, bayan guragu da raggaye da masu taurin kai, inda ƙurar kofato dubu goma ke sauka. Ƙyallen nan da ake gani a wuyan kaboyi, wanda fim ya mayar kayan ado ko abin rufe fuskar ɗan fashi, na toshe hanci ne. Kowane kaya a jikinsa da dalilinsa. Malafa ta rana da ruwan sama ce, da ita kuma ake ɗiban ruwa a ba doki. Dogon dundunen takalmi don kada ƙafa ta zurme cikin likkafa ne, saboda wanda ya faɗo ƙafarsa na maƙale, doki ya ja shi a guje, da wuya a ɗauke shi da rai. Sirdi shi kaɗai ne babbar dukiyarsa, yakan ci albashin wata guda ko fiye, shi ya sa in suka ce wane ya sayar da sirdinsa, suna nufin ya gama yawo.

Tafiyar a hankali ake yinta, kilomita 16 zuwa 24 a yini, don ana so dabba ta isa kasuwa da nama a jikinta. Wata biyu zuwa uku ke nan a hanya. Cikin kwanakin farko wani sa kan fito da kansa ya kama gaba, saura su bi shi har ƙarshe. Charles Goodnight, ɗaya daga cikin fitattun masu shanun Teksas, yana da irin wannan sa da ake kira Old Blue, an rataya masa ƙararrawa, ya ja garke zuwa Dodge City shekaru da dama, in an sayar da saura shi ya dawo gida tare da dawaki. Goodnight ɗin ne kuma aka fi jingina wa ƙirƙiro amalanken girki a 1866, inda ya gyara tsohon amalanken soja ya kafa masa akwati mai aljihuna a baya, murfinsa ya zama teburin kuku. Abincin bai da yawan sauyi: wake, burodi mai tsami da ake gasawa a tukunyar ƙarfe, naman alade mai gishiri, busassun 'ya'yan itace, da baƙin kofi safe da rana da dare. Saniyar da ta haihu a hanya, ɗanta ba zai iya tafiyar ba, sai a kashe shi ko a ba mazauna gefen hanya, a ɗaure uwar kada ta koma nemansa. Wannan ma cikin aikin yake.

Dare shi ne abin tsoro. In an kwantar da garke, mahaya biyu ke gadi, awa biyu-biyu, suna kewaya shi ɗaya ta nan ɗaya ta can. Ba agogo, da juyawar wasu taurari bakwai a kewayen tauraron arewa suke gane lokacin tashin na gaba. Suna tafe suna waƙa a hankali ko fito, don shanu su san mutum ne ke wucewa, kada wani motsi ya zo musu ba zato. Kowa kan kwanta da dokinsa na dare a ɗaure da sirdi kusa da shi. Dalili kuwa, shanun nan abu kaɗan ke tayar da su: tsawa, ƙyastin ashana, karyewar itace, wani lokaci ba a ma san dalili ba. Dubu uku su zabura lokaci guda, ƙasa ta ɗauki rawa. Abin da ake yi shi ne mahaya su yi sukuwa cikin duhu su cim ma na gaba, su matsa musu su karkata, har kan layin ya haɗu da wutsiyarsa su riƙa zagaye wuri guda su gaji. A filin da ke cike da ramukan wasu ƙananan dabbobi masu kama da kurege, ƙafar doki ɗaya ta faɗa rami, mahayi ya faɗi gaban garke. Da safe a haƙa rami a gefen hanya, a naɗe shi da bargonsa, a ƙirga shanu, a ci gaba. In dare ya yi muni, mutum kan yi kwana biyu ko uku bai sauka daga doki ba sai don sauya wani. Tsofaffinsu sun ba da labarin yadda suke shafa ruwan taba a ido don raɗaɗin ya hana su barci.

Sai koguna. Red, Canadian, Cimarron, Arkansas, duk sai an ƙetare su, kuma lokacin kora shi ne lokacin da suke cika. Shanu na iya iyo, amma in na gaba suka tsorata a tsakiyar ruwa suka juyo, sai su cure su yi ta zagaye har su nutse, dole wani ya shiga tsakaninsu da doki ya warware curin. Samarin da suka tashi a busasshiyar ƙasa da yawansu ba su iya ruwa ba. Rashin ruwa ma bala'i ne na daban. A hanyar da Goodnight da abokinsa Oliver Loving suka buɗe a 1866 zuwa Fort Sumner a New Mexico, akwai tazarar kusan kilomita 130 ba ɗigon ruwa kafin kogin Pecos. Shanu kan yi kwana uku suna tafe harshe a waje, in suka shaƙi ƙanshin ruwa kuma ba mai iya tare su. Loving ya rasu a 1867 sakamakon raunin da ya samu a arangama da 'yan ƙabilar Comanche a bakin wannan kogi. Amma a babban burtalin Kansas, wanda ya ratsa yankin da aka ware wa 'yan asalin ƙasa, inda jihar Oklahoma take yanzu, abin da aka fi gamuwa da shi kuɗin hanya ne. Cherokee sun sa santi 10 a kan kowace dabba, wasu ƙabilun kuma sa ɗaya ko biyu suke karɓa. Madugu mai hankali yakan biya, don ciyawarsu ake ci.

Faɗuwa daga doki, nutsewa, tsawa, ciwon haƙarƙari daga kwana cikin jiƙaƙƙen bargo, waɗannan su suka fi harsashi cin kaboyi. Garuruwan ƙarshen hanya da fim ya mayar fagen harbe-harbe, masanin tarihi Robert Dykstra ya bi bayanansu ya ƙirga kisan kai 45 a biyar daga cikinsu, tsakanin 1870 da 1885. Garuruwan ma da dokar ajiye bindiga ga mai shigowa. Abin da ya fi faruwa shi ne saurayi ya karɓi kuɗin wata uku a dunƙule, ya yi aski da wanka, ya sayi sabbin kaya, mashaya da teburin caca su cinye sauran cikin 'yan kwanaki, ya juya kudu aljihu wayam.

Su waye mutanen? George Saunders, wanda ya yi korar da kansa kuma daga baya ya shugabanci ƙungiyar tsofaffin 'yan kora, ya ƙiyasta cewa mutum 35,000 ne suka bi burtalin, kusan kashi ɗaya cikin uku baƙar fata ne da 'yan Meziko. Baƙaƙen da yawansu bayi ne da aka 'yanta a 1865, waɗanda suka koyi aikin shanu tun suna hannun iyayen gijinsu. Bose Ikard na cikinsu, ya yi shekaru tare da Goodnight, har shi ake ba riƙon kuɗin tafiya, da ya rasu kuma Goodnight ya sa aka kafa masa dutsen kabari a Weatherford. A kan hanya tukunya ɗaya ake ci, amma da wuya baƙar fata ya zama madugu, kuma shi aka fi miƙa wa dokin da ya fi tutsu ya horar. Ina ganin rashin adalci ne babba yadda aka wanke waɗannan fuskoki daga hoton da aka sayar wa duniya, har mu nan muka taso muna zaton kaboyi Bature ne kawai.

Aikin kuma na lokaci ne. In an gama rarrabewar kaka, gidaje su sallami mafi yawan ma'aikata. 'Yan kaɗan ake bari su zauna a bukkoki can bakin iyakar makiyaya, ɗaya ko biyu a wuri, suna mayar da shanun da iska ta kora, suna fasa ƙanƙarar da ta rufe mashaya, wata da watanni ba su ga kowa ba. Saura su shiga gari neman wankin kwanuka, ko su riƙa bin gidajen kiwo ɗaya bayan ɗaya suna cin abincin baƙunta har bazara ta dawo.

Abin da ke riƙe saurayi a wannan wahala shi ne begen wata rana ya tara nasa garken. Wajen 1880 wannan bege ya fara dushewa. Labarin riba ya kai Birtaniya, masu jari a Edinburgh da Dundee da Landan suka kafa kamfanoni irin su Prairie da Matador da Swan, suka zuba shanu dubbai a filin da ba su biya ko sisi ba. Dabararsu ita ce su mallaki 'yar ƙasar da ke bakin rafi, duk ciyawar da ke bayanta ta zama tasu a aikace, tunda ba dabbar da za ta yi kiwo inda ba za ta sha ba. Sababbin iyayen gida suka hana ma'aikaci ɗora shaidarsa a kan maraƙin da ba mai shi, suka hana shi ajiye 'yan shanunsa cikin na gida. Abin da manya suka yi suka yi arziki, in yaro ya yi ya zama ɓarawo. A Wyoming dokar 1884 ta danƙa wa ƙungiyar manyan masu shanu ikon shirya rarrabewa da sayar da duk dabbar da ba ta da shaida, ƙungiyar kuma tana da jerin sunayen waɗanda ba za a ɗauka aiki ba, ciki har da masu 'yan shanun kansu. Kura da shan bugu, gardi da karɓe kuɗi.

A bazarar 1883 kaboyi suka yi abin da fim bai cika nunawa ba, suka shiga yajin aiki. A arewacin Teksas, yankin kogin Canadian, ma'aikatan manyan gidaje suka bi wani shugaban ma'aikata mai suna Tom Harris, suka ce ba za su hau doki a ƙasa da dala 50 a wata ba. Sun daidaici gab da rarrabewar bazara, lokacin da aka fi buƙatarsu. Amma masu neman aiki sun yi yawa, kamfanoni suka kori wasu suka ɗauki sababbi, cikin wata biyu da rabi yajin ya watse. Shekara biyar bayan haka, gidan kiwo na XIT, wanda aka ba masu shi eka miliyan 3 a madadin gina majalisar Teksas, ya fitar da rubutattun dokoki: ba ɗaukar ƙaramar bindiga, ba caca, ba giya. Ma'aikacin kamfani sosai ke nan.

Akwai kuma tambayar da bai kamata a tsallake ba: ya aka yi filin ya zama buɗaɗɗe? Da masu shi. Comanche da Kiowa da Cheyenne da Lakota suna zaune a cikinsa, rayuwarsu na rataye da ɓaunar Amurka, wadda yawanta ya kai miliyoyi goma-goma. Maharban fata suka karkashe ta har ya zama a 1889 abin da ya rage bai fi kimanin dubu ɗaya ba, sojoji kuma suka tura ƙabilun cikin keɓaɓɓun yankuna. Comanche na ƙarshe, ƙarƙashin Quanah Parker, sun miƙa wuya a 1875. Ciyawar da aka kira ta banza, wadda ribar kamfanoni ta dogara a kanta, an biya kuɗinta da jinin wasu da yunwarsu.

Ƙarshen ya zo ta fuskoki da yawa a tare. Joseph Glidden ya yi rajistar waya mai ƙaya a 1874, ta ba da damar shinge mai arha a ƙasar da ba itace. Manoman da dokar 1862 ta ba eka 160 kowanne suka kewaye gonakinsu, manyan masu shanu suka kewaye mashaya, har da filin da ba nasu ba, aka yi ta rikicin yanke waya a Teksas a 1883. Layin dogo ya shiga Teksas ɗin kanta, Kansas kuma ta rufe ƙofarta ga shanun kudu a 1885 saboda zazzaɓin kaska. Filin da ya rage ya cika maƙil, don kowa na ƙara dabba a ciyawar da ba wanda ke da alhakin tattalinta. Rani na 1886 ya zo da fari, shanu suka shiga hunturu a rame. Dusar ƙanƙara ta fara tun Nuwamba a Montana da Wyoming da Dakota, a Janairun 1887 guguwar sanyi ta biyo, ƙanƙara ta daskare a kan ciyawa yadda kofato ba ya iya fasa ta. Shanu suka juya wa iska baya suka yi ta tafiya har suka ci karo da shinge ko kwari, suka taru a nan suka mutu a kan juna. Wasu suka shiga garuruwa suna gaigayar ɓawon itace. Da ƙanƙara ta narke, rafuka suka riƙa gangaro da mushe. Gidaje da yawa sun rasa fiye da rabin garkensu, kamfanoni suka karye. Theodore Roosevelt, wanda daga baya ya zama shugaban ƙasa, yana cikin waɗanda suka tafka asara a Dakota.

Waɗanda suka tsira sun sauya tsari: garke kaɗan, fili mai shinge, famfon iska mai jawo ruwa daga rijiya, da ciyawar da ake yankewa a adana don hunturu. Kaboyin da a da yake ganin duk aikin da ba a kan doki ake yinsa ba ƙasƙanci ne, sai ga shi yana haƙa ramin dirka, yana ɗinke waya, yana loda ciyawa a amalanke. A wannan bazarar ta 1887, lokacin da ake bin kwaruruka a Montana ana ƙirga mushe ana feɗe abin da za a iya sayar da fatarsa, Buffalo Bill Cody, wanda ya kafa wasansa na nuna rayuwar yamma a 1883, shekarar yajin aikin nan, ya sauka a Landan da dawakinsa da mahayansa masu malafa, Sarauniya Victoria kuma ta zo kallo.